Darbejiyar Sittana

Hamid mai gyaran rediyo ya daki teburinsa har sukurori suka watse a ƙasa. Ya rantse duk gwamnatin da ta ƙwace wa mutane ƙasar kakanninsu, ta raba su da 'ya'yansu, dole ta fito ta ba su haƙuri. Ɗantsoho mai amalanken jaki ya ce sam, masu laifin sun daɗe da mutuwa, don me za a kama jikokinsu?

A kan Ostireliya suke wannan tada jijiyar wuya. Tunda rediyo ya kawo labarin ana gardama can kan neman afuwar 'yan asalin ƙasar, majalisar gindin darbejiya ta rabu biyu. Ba wanda ya san inda ƙasar take, Ɗantsoho ma gani yake gaba da Jidda ce kaɗan. Amma a unguwarsu ta Dar Salam a lokacin, wanda ya taɓa siyasar gida sai a neme shi a rasa. Ta Ostireliya kuwa, ko soja ya ji sai dai ya sa baki.

Can cikin rana Sittana mai shayi take fifita gawayi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ita ta dasa darbejiyar nan tun wurin yana fili fetal, ta raine ta da ruwan wankin kofuna. Wata shekara motar kame ta kwashe mata butoci, kafin ta karɓo su Hamid ya turo teburinsa inuwar, ya ce na ɗan lokaci ne. Daga ɗan lokacin nan 'yarta ta yi aure har ta haihu.

Da Ɗantsoho ya ga za a kayar da shi, sai ya nuna Sittana da bulala.

"To ya zol, mutumina, ga taka 'yar asalin can tana soyuwa."

Majalisa ta fashe da dariya. Kunya ta kama Hamid, tsoro kuma ya fi kunyar, don ko dai ya bar gardama ko ya bar inuwa, kuma duka biyun yana son su kamar ransa. Yana sosa ƙeya, can dabara ta faɗo masa: haƙuri aka ce a bayar, ba wanda ya ambaci tebur.

Bayan la'asar ya dawo cikin jallabiyar Juma'a da rawani, ya hau kan akwatin batir, ya dafa ƙirji. Ya nemi afuwar Sittana a madadin kansa da teburinsa da duk rediyon da ya taɓa kwana a kai. Jawabin ya yi masa daɗi har ya yi hawaye na gaske.

"Ma'alesh, ba komai, Usta Hamid, na yafe," in ji ta. "Teburin fa?"

Ya goge ido ya ce ai rediyo bai kai nan ba tukuna.

Washegari da ya iso, ya tarar da teburinsa tsakiyar rana, an jera rediyoyin tsaf, har ƙura an kakkaɓe. Murhun Sittana na gindin darbejiya, majalisa duk ta kewaye ta. Tana ganinsa ta hau kan kujerar tsugunno, ta dafa ƙirji, ta maimaita masa jawabinsa na jiya ba ta bar ko kalma ba. A madadin kanta da butocinta. Hawayen ne kawai suka ƙi zuwa, sai ta nemi afuwar wannan ma.

Ɗantsoho ya kurɓi shayi ya tambayi Hamid, shi da ya ce ban haƙuri ya wadatar, ko ya karɓa?

Hamid ya dubi inuwa, ya dubi mutane, ya ce ya karɓa. Ya ɗora kwali a ka, ya zauna, ya shiga murɗa rediyo yana neman Ostireliya, ko an ce wani abu game da tebur.