Baba da Wadan Tauraro

Da tsakar rana mai gadin sashen kimiyya na jami'a ya kira Auta a waya. "Babanki fa yana sama tun safe. Wai yana da aji."

Baba ya daɗe da yin ritaya. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare ne kan tambaya ɗaya: yadda wadan tauraro ke samuwa, wato dunƙulen iskar gas da ya fara haɗuwa kamar tauraro, amma nauyinsa bai kai ya kama wuta ba.

Ta same shi a tsohon ofishinsa, wanda yanzu ake jibge karyayyun kujeru a ciki. Ya cika allo da ɗige-ɗigen alli. Ƙafarsa ɗaya da takalmin fita, ɗayar da silifas.

"Kin makara," ya ce. "Zauna."

Ta zauna tana jiran ya fashe da dariya, don Baba akwai tsokana.

"Gajimaren gas ya tsattsage, kowane gutsure yana jawo abinci. Manyan suka yi wa ƙaramin taron dangi, suka cilla shi waje tun bai ƙoshi ba. Wasu suka ce a'a, ƙarami aka yanko shi tun farko. Wasu suka ce zafin wani ƙaton tauraro ne ya kore masa abincin. Ke me kika gani?"

"Baba, tashi mu je gida. Umma na jira."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ba a ce min Baba a aji. 'Yar gidan wa ce ke?"

Sai ta gane ba wasa yake yi ba. Ta ce, "Malam, lokaci ya yi. Wani ajin zai shigo."

Nan take ya ajiye allin, ya kakkaɓe hannu. Sai a tsakiyar matakala ya damƙe damtsenta. "Auta, wa ya kawo ni nan?"

A ƙasa mai gadi na tsaye jikin motar Baba, ya ƙi haɗa ido da ita. Fitilar hagu ta fashe, gaban ya lotsa.

"Haka ya shigo da ita," ya ce a hankali.

Ta durƙusa. Wani ƙyallen shuɗin yadi ya maƙale a bakin ƙarfen gaban motar, kuma bai yi kama da komai na gidansu ba.

"Baba, ta wace hanya ka biyo?"

Ya daɗe yana kallon motar. "Tamu ce wannan?"

Ta zaunar da shi a kujerar mai gadi, ta koma gefe ta kira yayanta a waya.