Jajayen Da Aka Tara Wa Mintu

Ranar Talata ce na dawo daga Kwatano, ranar da ruwan farko ya sauka a garinmu. Mota ta ajiye ni a bakin kwalta, na ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu, laka har idon sawu. Ni ba mai zama wuri guda ba ne. Tun da na bar makaranta a aji huɗu nake yawo, yau dako, gobe tura baro. Amma kowane Bazabarme ya san idan hadari ya haɗu, gona ce ke kira.

A ƙofar gida na ci karo da Bibata, 'yar kawuna, taubashiyata, tana kwashe shanya.

"Ga ɗan birni!" ta ce. "Kai Sumana, duk kifin teku bai sa maka nama ba? Wuya kamar na zalɓe."

"Ke kuma na ga kin cinye rabon mijinki. Yana nan da rai kuwa?"

"Shiga dai, bawana. Mun riƙe maka matarka lafiya, saura ka biya mu."

Mintu na tsugune a rumfa tana kwaɗa zogale, ɗanmu Tinni a bayanta, Gambi babbar 'yarmu tana lasar ludayi. Ba ta ɗago ba, kunya ta hana, sai murmushi da na gani a gefen bakinta.

Haihuwar Tinni ba ta zo da sauƙi ba. Sai da aka tsaga Mintu aka ciro shi. Likitan ya dube ni ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara uku, in ba haka ba ɗinkin mahaifa zai yage. Kafin in tafi ci-rani muka je asibitin gunduma, malamar ta miƙo katin ƙwayar hana ɗaukar ciki guda uku, kowanne layi uku farare, layi ɗaya jajaye. "Ɗaya kullum," ta ce, idonta a kan ta bayanmu. Iyakar bayanin ke nan.

Da na ci na sha ruwa, Mintu ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Cike yake da ƙwayoyi, duk jajaye.

"Ina fararen?" na tambaya.

"Maigida, tun sanyi ƙwaya ta yanke a asibiti. Matan da mazansu ba su tafi ba suka riƙa zuwa wurina roƙo. Wadda ta zo neman gishiri ba ka hana ta, balle wannan. Kai kuma ba ka nan, me zan yi da su?"

"To ke fa?"

"Ai ni aka fi ji." Ta girgiza gwangwanin. "Bibata ce ta bi gida gida. Ta ce ni ce mai ɗinki, kowa ta ba ni jajayenta. Su ne masu ƙarfin. Ba ka gani ba, sai an kai kansu jini ke zuwa? Su ke wanke ciki. Fararen share fage ne kawai."

Na juya ƙwaya ɗaya a tafin hannuna. Maganar ta shiga kaina daram. Har na ji ƙwalla, don na san matan nan ba su da komai, amma abin da suka ɗauka mafi daraja shi suka tara wa matata.

Kullum da asuba Mintu takan haɗiyi ɗaya kafin ta ɗora ruwa. Ko sau ɗaya ba ta manta ba.

* * *

Gero ya kai gwiwa lokacin da ta fara amai. Muka ce zazzaɓin damina ne. Da wata ya sake wucewa ba ta ga al'ada ba, na aro keke na goya ta zuwa asibiti, gwangwanin ɗaure a bakin zanenta.

Malamar ta taɓa cikin, ta dubi tabon, ta ja tsaki.

"Ba a ce ki sha magani ba? Ku mutanen ƙauye sai an binne ku za ku ji magana."

"Wallahi ina sha, Malama," Mintu ta ce, ta kwance gwangwanin.

Malamar ta leƙa ciki. Ta kira abokiyar aikinta, suka yi magana da Faransanci, ɗayar ta toshe baki tana dariya.

"Baiwar Allah, wannan ai na ƙarin jini ne. Ba ya hana komai. An sa shi ne don kada hannu ya manta da sha. Fararen su ne maganin."

"Amma ba ki faɗa mana ba," na ce.

"Ka tambaya? Mata nawa nake gani a yini, ni kaɗai?"

"Yanzu yaya za a yi?"

"Idan wata tara ya kusa, ku tafi babban asibiti ku zauna kusa da wuƙa. Mai bi!"

A hanyar komawa, da muka kai gindin giginyu, Mintu ta yi magana.

"Kada ka faɗa wa Bibata."

"Sai na faɗa. Akwai masu tara wa wasu."

"To ka ce kuskuren malamar ne. Kada ka ce nata."

Na faɗa wa Bibata da yamma a bakin rijiya. Ta ajiye guga ta dube ni, tana jiran in yi dariya, don tsakaninmu ba a taɓa maganar gaske ba. Da ta ga ban yi ba, sai ta zauna a cikin laka.

* * *

Innata ta ce nonon mai ciki guba ne, a cire Tinni. Aka cire shi rana ɗaya, bai ko fara tafiya ba. Ya koma kunu, kunu ya koma gudawa. Tsofaffi a bakin turmi suna cewa Mintu ta yi rurrutsa, ciki a kan goyo, ba ta da haƙuri. Ba wadda ta ambaci sunana.

Bayan girbi abokaina suka tafi, ni na zauna. Ƙafata tana ƙaiƙayi, amma ina zan je? Na jinginar da gonar bakin kogi don mu samu na zaman birni. Mun shirya tafiya ranar kasuwa mai zuwa, wata na takwas bai cika ba, muna ganin da sauran lokaci.

Kafin ranar ta zo, wata rana da hantsi Mintu tana tankaɗe, sai ta dafa turmi.

"Maigida, wani abu ya ɓalle."

Ba ta yi ihu ba. Fuskarta ce ta yi fari, gumi ya karyo. Muka shimfiɗa ta a amalanke, Bibata ta rungume kanta, ni ina dukan jaki kamar shi ya yi laifin. A asibitin gunduma aka ce aikin ya fi ƙarfinsu, motar asibitin kuma ta fita da wani. Muka tsaya a bakin kwalta cikin rana, ina ɗaga wa kowace mota hannu.

"Bibata," na ji Mintu ta ce, "Gambi ba ta son yaji. Ki riƙa ɗebar mata kafin ki zuba."

"Ke za ki ɗebar mata da kanki, 'yar banza. Rufe min baki."

Motar da ta tsaya ta albasa ce. Kafin a gyara buhuna a yi mata wuri, Bibata ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

* * *

Mintu ta tafi, shekarunta ba su kai ashirin da biyar ba. Ɗan cikinta ya tafi, ba mu san ko namiji ne ko mace ba. Tinni ya bi su da zafin bazara. Gonar bakin kogi tana hannun wani, bana shinkafa ya shuka.

Mu biyar ne, in an lissafa da wanda bai zo ba. Saura ni da Gambi.