Hannun Malamin Badujala

"Ku matsa daga bakin kwatar nan, ku tsaya daidai taga," in ji Tela, yana nuna wa ɗaliban wuri da almakashin da ya manta bai ajiye ba.

'Yan badujalar makarantar sakandare ne, sun cika layin da ganguna da begiloli, sanye da jajayen rigunan da shi ya ɗinka musu. Malaminsu na kwance a ɗakin da ke bayan tagar. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, abu ɗaya yake roƙo, ya ji yaransa sun yi kiɗa ko sau ɗaya.

Katanga ɗaya ce tsakanin Tela da malamin, kuma shekara da shekaru suna tsokanar juna ta samanta. Kullum da yamma malam zai baje begilolin makaranta a tabarma, yana gyara yana gwadawa, har Tela ya raɗa masa Sarkin Hayaniya. Shi kuma ya ce ai keken ɗinkin Tela ne bai san kiɗa ba. Yanzu da gidan ya yi tsit, sai ɗinkin ma ya daina yi wa Tela daɗi.

Tela ya shiga ɗakin malam. Warin magani da na man goge begila sun gauraye. Matar malam ta yaye labule, ta ƙara wa mijinta matashi. Mutumin da muryarsa ke cika filin makaranta ya koma abin tausayi, numfashi ma da ƙyar.

A waje yaran suka ɗaga kayansu, suka kai baki. Shiru. Aka jira, shiru dai.

"Kai, ku fara mana!" Tela ya leƙa yana faɗa. "Me kuke jira?"

"Baba, ba ma farawa sai malam ya ɗaga hannu," in ji yarinyar da ke riƙe da babbar ganga, hawaye na zubo mata. "Ba ma tsayawa kuma sai ya dunƙule."

Haka ya horar da su. Ko shugaban makaranta ne ya yi magana, hannun malam kaɗai suke kallo.

Malam ya yunƙura. Hannun ya ɗan motsa a kan zanin gado, ya koma. Ya dubi maƙwabcinsa.

"Tela," ya ce a hankali, "yau kai za ka tayar da hayaniyar."

"Ni da na sha wahalarka, yau kuma har da aiki?" Tela ya so ya yi dariya, muryar ta ƙi.

Ya zauna a bakin gado, ya tallafi gwiwar hannun, ya ɗaga shi saitin taga. Ba nauyi ko kaɗan. Malam ya buɗe yatsunsa.

Ganga ta fara, begiloli suka amsa, har gilashin taga na rawa. Masu shaguna suka fito, mai gyaran babur ya kashe inji. Yatsan malam na bin kiɗan. Da wata begila ta kuskure, sai da ya yamutsa fuska, matarsa ta yi dariya cikin kuka.

Ana cikin haka Tela ya ji hannun ya yi nauyi. Ya dubi fuskar, ya dubi matar. Ta riga ta gani, ta toshe baki da mayafi tana salati.

Yaran ba su sani ba. Sun kai ƙarshen waƙar, suka ga tafin hannun a buɗe, suka sake ɗaukowa daga farko. Kumatunsu sun gaji, idanunsu duka na kan taga. Tela bai sauke hannun ba. Ya san muddin yana riƙe da hannun nan a haka, ba wanda zai ce malam ya tafi. Ya bari suka yi nisa.

"Malam Tela," matar ta ce, "yaran sun gaji. Sallame su."

Ya sa ɗaya hannunsa, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, har suka dunƙule.

Kiɗan ya ɗauke a tare, ba wanda ya yi saura. Iska ta turo labulen, ya sauko a kan hannayen biyu.