Famfon Saman Bene

Da Gwaggo ta yi ritaya daga aikin gidan waya, ba ta sayi gwal ba, ba ta canza kujerun falo ba. Ta haɗa kuɗin sallamarta da rancen banki ta sayi gidan haya, sassa uku a ƙasa, ɗaya a saman bene. Lissafinta a tsaye yake: hayar ƙasa ta riƙe ta da jikokinta biyu, hayar sama ta wuce banki kowane wata. Kowa Gwaggo yake ce mata, har manajan bankin da ya girme ta.

To, saman nan ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Cikin shekara biyu mutum uku suka shiga suka fita. Na farko ya ce an canza masa wurin aiki. Na biyu ko sallama bai yi ba, ya bar makulli wajen telan da ke sashen ƙasa ya yi gaba. Ta ukun, wata nas mai zama da tsohuwar mahaifiyarta, ita ce ta fito fili ta ce ruwa ba ya hawa. Gwaggo ta zo ranar Asabar da rana tsaka, lokacin da ta saba zagayen gidanta, ta murɗa famfon kicin. Ruwa ya feso har ya jiƙa mata hannun riga.

"Wannan mene ne, 'yata? Yashi ne?"

"Da safe ne ba ya zuwa, Gwaggo."

Gwaggo ta ce ita ba a yi mata wannan wayon, tun daga tafiya take gane masu neman ragin haya. Ta wanke yarinyar tas a gaban uwarta. Ƙarshen wata nas ta kwashe kayanta.

Sashen ya zauna ba kowa, wata biyu na banki suka taru a kanta. Ana cikin haka sai ga wayar jami'in inshora, mutum mai sanyin murya kamar mai zuwa ta'aziyya. Ya ce akwai sharaɗi a shafi na huɗu: sashen da ya yi kwana sittin ba mai kwana a ciki, kamfani ya zare hannunsa, ko gobara ce ko fashewar bututu. Banki kuma sai da inshorar ya yarda ya ba da rance. Yau kwana hamsin da uku.

"Wato ɗaki ma sai an yi masa reno?" in ji Gwaggo.

"Ko ke kika kwana, ya wadatar."

Shi ke nan. Ta sa aka kai mata katifa da risho da rediyo da bokiti biyu. 'Yarta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mai gida ta koma 'yar haya, Allah ya sa ta dace da mai gida mai mutunci. Gwaggo ta ce ta rufe mata baki.

Da gari ya waye ta shiga kicin da tukunyar shayi, ta murɗa famfo. Ya yi tari sau biyu, ya hura iska, ya yi shiru. Na banɗaki ko tarin ma bai yi ba. Ta leƙa ta taga, ga tsakar gida ta cika: matar tela na wanke yara, wani na cika jarka, wata na ɗauraye kwanuka, ruwa na zuba abinsa.

Ta sauko da bokiti. Tela ya taso da sauri zai karɓa, ta hana.

"Ai haka yake kullum, Gwaggo," ya ce. "Sai mun gama a nan ƙasa, yara sun tafi makaranta, wajen sha ɗaya, sannan yake samun ƙarfin hawa."

"Me ya hana ku gaya min?"

Tela ya sosa ƙeya. "An gaya miki. Mun ga yadda aka ƙare." Ya ƙara da cewa duk ranar da nas take aikin safe, tsohuwar ce ke sauka da buta, don ba ta iya bokiti. Sau shida, sau bakwai.

Matakala goma sha tara ce, Gwaggo ba ta taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Tana hawowa da ruwan, a ta goma gwiwarta ta ce ba da ita ba. Ta dire bokitin, ta dafa bango tana haki. Da ta ɗaga hannu sai ta ga wurin ya yi duhu, ya yi santsi, daidai faɗin tafin hannu. Wani ya daɗe yana dafa wurin kafin ita. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a shekara talatin da biyar na aiki. Ta zauna a nan ta yi hawaye, ba wanda ya gani.

Mai gyaran famfo ya zo ya duba, ya ce abu mai sauƙi ne: tanki a kan rufi, da injin tura ruwa. Da ya faɗi kuɗin sai ta ce ya sake faɗi. Abin da take biyan banki ne na wata uku cur. Ta yi masa godiya, ta ce za ta neme shi.

Bashin banki ya kai wata uku, saura kwana tara wa'adin da manaja ya ba ta ya cika, sai ga dillali da mutum biyu, da rana tsaka. A ranar ta lura ashe shi ma bai taɓa kawo mai duba gida da safe ba, ɗan nema! Waɗanda ya kawo wani matashi ne direban motar kamfani, da matarsa, cikinta ya tsufa. Ta hawo a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta tsaya hutawa a tsakiya tana murmushi kamar ta yi laifi.

Sun yaba ɗakuna, sun yaba iska. Mijin ya wuce kicin kai tsaye ya murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi.

"Alhamdu lillahi!" ya ce. "Gwaggo, ruwa ne ya kore mu daga inda muke. Ni tun asuba nake fita, ita kaɗai nake bari, ga halin da take ciki." Ya zaro ambulan daga aljihu. Hayar wata uku ce, daidai abin da banki ke jira, ko sisi ba zai yi saura na tanki ba.

Dillali ya miƙo takardar yarjejeniya da biro. Gwaggo ta dubi ambulan. Wallahi tana son kuɗin nan, ƙarya ne a ce ba ta so. Ta dubi ƙafafun yarinyar, sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse.

"Ɗana, mayar da kuɗinka tukuna," ta ce. "Ruwan nan na rana ne. Daga asuba zuwa sha ɗaya ko ɗigo babu, sai an sauka ƙasa da bokiti. Zan sa tanki, amma ban san yaushe ba."

Dillali ya yi ta ƙifta mata ido har ya gaji, ya ce, "Haba Gwaggo, ai ɗan abu ne kaɗan."

"Kai ka taɓa hawowa da bokiti?"

Mijin ya tsaya da ambulan a hannu, ya kalli matarsa, matar ta kalli ƙofar bene. Ya mayar da kuɗin aljihu a hankali.

"Allah ya saka da alheri, Gwaggo," in ji yarinyar. "Allah ya kawo miki wanda ya fi mu."

"Dafa bangon da kyau, 'yata, kada ki yi sauri."

Ta tsaya tana jin takunsu har suka kai ƙasa, dillali na biye da su yana mita. Wayarta ta yi ƙara a kan katifa, lambar manajan banki ce. Ta bar ta tana ƙara, ta jawo bokitan biyu ta tara a famfo tun da sauran ruwa.