Zanen Auta

Shekara uku ke nan Malam yana jagorantar mawaƙan coci, yana kuma karatun kiɗa a kwaleji. Ranar Lahadi yakan tsaya gaban mawaƙa, ya juya wa jama'a baya, hannuwansa a sama. A gida kuwa, da shigowarsa sai ya zauna gaban piyanon da ke jingine da bango, yana bitar jarrabawa.

Wata Laraba da yamma 'yar autarsa, mai shekara shida, ta ɗora masa takarda a kan piyanon. An ce su zano iyayensu a makaranta. Ga uwarta nan da ido da baki, har da 'yan kunne. Kusa da ita kuwa wani mutum ne, ƙeya kawai da wuyan riga, da hannuwa biyu a ɗage.

"Auta, ina fuskata?"

"Ai haka nake ganinka, Baba."

Matarsa na tsaye bakin ƙofa.

Ƙarfe biyar mawaƙa za su taru. Ya daɗe yana duban agogo, sannan ya juyo da kujerarsa, ya miƙa wa yarinyar fensir.

"Zauna, Auta. Ga ni."