Bencin Layin Baya

"Ɗaga gefenka, Direba, ba tayar mota ba ce," in ji Kafinta, muna ta kokawar zura benci ta ɓarakar dangar da ta raba gidana da nasa. Rabi ya zauna a tsakar gidansa, rabi a nawa.

Lokacin ciwon nan ne da aka hana taro, aka sa wa coci kwaɗo. Kafinta shi ya ƙera bencunan cocin tun muna da baƙin gashi. Ya je ya ce wa Fasto gara za ta cinye su in aka bar su a kulle. Katakon da ƙusa ma sai ta yi da gaske take shigarsa! Fasto ya yi murmushi ya miƙa makulli, ni kuma na kawo tsohuwar motata ta kaya. Kowane gida muka kai musu wanda suka saba zama a kai. Na shugabar mata bai ko duba ba, ya ce lotsawar tsakiyar ta ishe shi shaida.

Ran Lahadi Fasto na wa'azi ta waya, kowa na kan bencinsa. Namu na layin baya ne, kusa da ƙofa. Da can gwiwar hannu yake zungurina da ita in na fara gyangyaɗi. Yanzu sai ya doki katakon daga can, in ji dukan har ƙashin bayana.

Sai tari ya kama shi. Auta, 'yarsa, takan fito da shi ta tokare masa baya da matashi. Daga baya fitowar ma ta gagara, sai ta taga muke gaisawa. Ya ce mini mutuwa ba ta dame shi ba, ya gama shiri da Ubangijinsa.

"Fitar da gawata ce damuwar, Direba. Ni da na zaunar da mutanen nan duka, a ɗauke ni shiru kamar kayan sata."

Na tsufa a kan hanya, na san kowace doka tana da inda ta tsaya. Na sami jami'in da ke gadin titinmu na tambaye shi ko an hana mutum zama a ƙofar gidansa. Ya ce wannan ba taro ba ne. Na sa Auta ta bi mutane da waya, kowa ya fito da bencinsa ƙofar gida ranar da za a fita da shi, na koma taga na gaya masa. Ya daɗe yana neman numfashi.

"Ka ce su goge su tukuna," in ji shi.

Bai kai Lahadi ba. Da hantsi muka sa shi a bayan motata, na ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙofa bayan ƙofa, ga benci a goge, ga mutane a kai da kayan sujada. Shugabar mata ta ɗaga waƙa, gida na gaba ya karɓa, na gaba ya karɓa, har muka fita unguwar ba ta yanke ba. Auta na gefena, ta rufe fuska da gyale, bakinta na bin waƙar.

Lahadin da ta biyo na kunna waya, na zauna a nawa gefen bencin kamar kullum. Bencin ya ɗaga, saura kaɗan in sha ƙasa. Na ji takun Auta a bayan danga. Ta ɗora akwatin kayan aikinsa a wancan gefen, bencin ya zauna daidai.