Janar Ahlgrimm Ya Rasa Mai Shaida

Duk tsawon yaƙin duniya na biyu, babban abin taƙamar Janar Volkmar Ahlgrimm shi ne babu hotonsa a ko'ina. Shi ne shugaban leƙen asirin soja a fagen gabas, Rashawa suna nemansa ruwa a jallo, don haka ko hoton aurensa sai da ya sa aka ƙone. Ranar da ya sallami mutanensa ya kafa musu doka: daga yau ba su san shi ba, ko da shi da kansa ya durƙusa ya roƙe su, domin ranar da ya yi haka, to, akwai bindiga a bayansa. Mataimakinsa, Manjo Ruprecht Seidl, ya ce idan kuma da gaske yake roƙon fa? Janar ya ce babu wannan ranar.

Daga nan ya sa kakin kofur, ya koma Kofur Pichler, ya miƙa wuya ga Amurkawa. Nufinsa ya laɓe cikin fursunoni har ƙura ta lafa, sannan ya sayar wa Amurka abin da ke cikin kansa game da Rasha. Wayon ne ya yi masa yawa. Rundunar da ya ara wa Pichler ita ce aka yanke shawarar miƙa wa Rashawa, kuma a hannunsu akwai fursunonin da suka san fuskarsa sarai. Da hantsi motocin kwashe su suka shigo sansanin fursunonin, suka jeru a bakin wayar shinge, ko injin ba su kashe ba.

Ya fita daga layi ya nufi Laftanar Haskell, Ba'amurken da ke kula da lodi.

"Yallaɓai, ni ba kofur ba ne. Ni ne Janar Ahlgrimm da manyanka suke nema."

Haskell ya dube shi daga sama har ƙasa, ga gemu buzu-buzu, ga gwangwanin miyar kabeji rataye a ƙugu. "Sannu, Janar. Jiya ma wani mai gyaran takalmi ya ce mini shi bishop ne, babban limamin coci. Koma layi, baba."

"Ka tambaye ni duk abin da kake so a kan sojan Rasha!"

"Ni lodi aka sa ni."

Tsoro ya kama shi, irin wanda ya saba gani a fuskar wasu yana zaune yana kurɓar kofi. Ya riƙe hannun rigar laftanan, ya ce a sashen hafsoshi akwai Manjo Seidl, wanda su da kansu suka san mataimakinsa ne, a kira shi kawai. Haskell ya yi tsaki, amma ya aika.

Seidl ya iso a rame, rigarsa tana yi masa yawo. Idonsa ya sauka a kan Janar, ya wuce kamar ya kalli turken waya.

"Ka san wannan?" in ji Haskell.

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ruprecht, ni ne," in ji Ahlgrimm. "Na janye dokar. Ka ji ni? Na janye ta."

"Wace doka, tsoho?"

"Ni na riƙe 'yarka Gerlinde ranar baftisma! Ta yi mini amai a kafaɗa, matarka ta goge da mayafin coci!"

Seidl ya juya wajen Haskell. "Yallaɓai, ko mai share mana ofis ya san wannan labarin. Maigidana mutum ne mai tsafta, ba ya roƙo."

Sai a lokacin Ahlgrimm ya gane abin da Seidl yake gani. A zaton Seidl Amurkawa ne suka cafke Janar, suna neman bakin da zai tabbatar musu kafin su rataye shi. Shi Janar da kansa ne ya koya wa Seidl cewa za su nuna maka mota, za su nuna maka igiya, za su kawo maka maigidanka yana kuka. Duk abin da zai faɗa yanzu, ya riga ya koya wa Seidl yadda zai ƙaryata shi.

Ya zube a kan gwiwoyinsa cikin taɓo, a gaban kurata da masu gadi. "Don girman Allah, Ruprecht, dubi motocin nan. Na Rashawa ne. Ba wasa ba ne, wallahi ba gwaji ba ne. Kashe ni za su yi."

Seidl ya kawar da kai. Haskell ya fara dubansu da wani ido daban, ya ce, "Manjo, in ka san shi ka faɗa, in cire shi yanzu."

Seidl ya ce, "Kofur ne, yallaɓai. Yunwa ta taɓa masa kai."

Masu gadi suka ɗaga Ahlgrimm ta hammata, suka cilla shi bayan mota, gwangwanin miyarsa ya faɗi babu wanda ya ɗauka. Ya yi ta kiran sunan kansa da ƙarfi, sunan da ya yi shekaru yana hana mutane furtawa, fursunonin da ke gefensa suka ce ya rufe musu baki.

Da motar ta tashi ya hango Seidl a bayan waya. Manjon ya ƙame, ya haɗa dugadugansa cikin taɓo, hawaye na zuba a fuskarsa. Ya ɗan sunkuyar wa maigidansa da kai, yana jiran a ce masa ya yi daidai.